Tarjihi Tsakanin Finafinan Malam Aminu Saira

Daga cikin mas'alolin da samari da magidanta na garin Dayi suke yawan tayarwa bayan an dawo daga gona, an yi sallar isha'i, an zazzauna a rumfar mai shayi ko a dakalin ƙofar gida, akwai wata wadda ba ta shafi farashin taki ko na buhun masara ba, amma duk da haka takan ɗaga muryoyi fiye da su, ita ce: a cikin finafinan da Malam Aminu Saira ya ba da umarninsu, wanne ne ya fi? Baƙo yana iya mamakin yadda mutanen da noman dawa da auduga da waken suya ya cinye musu yini za su sami sukunin wannan jayayya. Sai dai Dayi mararraba ce, a nan hanyar da ta taso daga Kano ta Gwarzo ta haɗu da wadda ta fito daga Funtuwa ta ratsa Malumfashi ta yi arewa, kuma tun zamanin kaset abin da aka saki a Kano ba ya daɗewa bai iso nan ba, a jakar direba ko ta ɗan kasuwa. Saboda haka mutanen sun kalla da yawa, sun kuma daɗe suna kallo, ra'ayinsu ra'ayi ne na masu sani, ko da ba su jera shi yadda malamai suke jera hujja ba.

Jama'a sun rarrabu a kan wannan mas'ala. Akwai waɗanda ba su yarda a ambaci wani fim gaban Jamila da Jamilu na 2009 ba. Akwai masu cewa Ga Duhu Ga Haske na 2010 shi ne inda mutumin ya nuna ko shi wane ne. Wasu, galibi masu ɗan karatu da manyanta, sun tsaya a kan Ashabul Kahfi na 2014. 'Yan kaɗan sukan jefo sunan Ɗan Marayan Zaki. Mafi yawa kuwa, musamman matan gida da yara masu tasowa, in ka ce musu akwai abin da ya fi Labarina sai su ɗauka wasa kake yi. Abin da ya sa gardamar ba ta ƙarewa, a ganina, shi ne kowane ɓangare da mizaninsa a ɓoye cikin zuciya, ba ya fito da shi a gani, har ya zamana mutum biyu suna musu alhali wannan yana yabon waƙa, wancan yana yabon labari, babu kuwa ɗayansu da ya taɓo aikin darakta, wanda shi ne asalin abin da aka tambaya.

Ya kamata a fara lura da cewa ita kanta tambayar sabuwa ce a ƙasarmu. A zamanin Turawa da farkon mulkin kai, sa'ad da motar majigi take zuwa garuruwan auduga ta kafa farin ƙyalle a filin kasuwa, ta nuna fim ɗin Baban Larai don a koya wa talakawa noman zamani, ba wanda ya taɓa tambayar wa ya tsara abin. Gwamnati ce ta kawo, shi ke nan. Da aka koma finafinan Indiya, jarumi aka sani, har aka laƙaba wa Dharmendra suna Sarkin Ƙarfi, kuma akwai dattawan da suka kalli Mother India na 1957 sau da yawa, suka zubar da hawaye saboda gonar da mai ba da bashi ya cinye, ba su kuwa taɓa jin sunan Mehboob Khan da ya yi shi ba. Haka al'amarin ya ci gaba bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, har zuwa Sangaya da Wasila, waɗanda aka riƙa saye saboda waƙoƙinsu da fuskokin da ke jikin kwali. Mujallu ne suka fara koya wa mai kallo ya duba bayan fuskar, musamman mujallar Fim wadda Malam Ibrahim Sheme, mutumin Sheme ta ƙasar Faskari, maƙwabcinmu ke nan, ya kafa a 1999. Amma kafin a kai ga mai saye ya tsaya gaban mai faifai ya ce a ba shi "na Saira," bai ambaci jarumi ko jaruma ba, sai da aka ɗauki wasu shekaru, kuma wannan daraja kaɗan ne daga cikin masu ba da umarni na Kano suka same ta.

Shi Aminu Muhammad Ahmad, wanda aka fi sani da Saira, an haife shi a unguwar Gwammaja ta Kano a 1979, kuma ya yi karatun Alƙur'ani da ilminsa kafin ya shiga wannan sana'a, abokan aikinsa kuma suna kiransa Malam. Na ambaci wannan ne domin yana da tasiri a kan hukuncin da zan yanke a gaba.

Fifita wani aiki a kan wani ba baƙon abu ba ne ga wanda ya zauna a zaure. Malaman adabin Larabci sun daɗe da mai da shi fanni mai ƙa'ida. Ibnu Sallam al-Jumahi, wanda ya rasu wajen shekara ta 231 bayan Hijira, ya jera mawaƙan Jahiliyya da na Musulunci ɗabaƙa-ɗabaƙa. Bayansa al-Amidi ya wallafa littafi sukutum yana auna Abu Tammam da al-Buhturi, kuma abin da ya sa littafinsa ya rayu har yau shi ne bai tsaya ga cewa wane ya fi wane ba, sai da ya ɗauko baiti ya ajiye kusa da baiti, a ma'ana ɗaya, ya nuna inda wannan ya dace da inda wancan ya kuskure. Malaman usulu kuma suna da babin tarjihi, inda in dalilai biyu suka yi karo ba a rinjayar da ɗaya sai an faɗi da me aka rinjayar da shi. Turawa sun zo ga wannan a sha'anin fim a makare. A Faransa, a shekarun 1950, wasu matasa masu rubutu a mujallar Cahiers du Cinéma, cikinsu har da François Truffaut, suka kafe a kan cewa darakta shi ne mawallafin fim, kamar yadda marubuci yake mawallafin littafi, don haka a riƙa karanta finafinansa a jere ana neman hannunsa a ciki. A Ingila kuwa mujallar Sight and Sound tana tara ra'ayin masana duk shekara goma tun 1952. Akwai darasi a cikin abin da ya faru ga Alfred Hitchcock: fim ɗinsa Vertigo, wanda bai sami karɓuwa mai yawa ba da ya fito a 1958, shi ne a 2012 ya hau kan jerin duka, ya ture Citizen Kane da ya riƙe wurin tun 1962. Fim ɗin bai canja ba ko da daƙiƙa guda. Masu kallo ne suka sake kallonsa da wata tambaya daban.

To, bari mu bi hujjojin mutanenmu ɗaya bayan ɗaya. Masu riƙo da Jamila da Jamilu da Ga Duhu Ga Haske, in ka duba shekarunsu, za ka tarar mafi yawansu a lokacin fitowar finafinan samari ne da 'yan mata, yau kuwa su ne iyayen yara. Sun kalle su a faifai, a ɗakin aboki mai janareta ko a gidan kallo, an cika maƙil, kowa yana ta da murya, kuma abin da mutum ya kalla a irin wannan hali yana shekara ashirin ba ya barin zuciyarsa. Ba na raina wannan. Ƙauna ce ta gaskiya. Amma shaida ce a kan mai kallon da zamaninsa fiye da yadda take shaida a kan fim ɗin. Inda hujjarsu take da ƙarfi shi ne tarihi. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta tsananta ƙwarai daga 2007, sa'ad da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ɗora Malam Abubakar Rabo Abdulkarim a kanta: aka dakatar da ɗaukar fim na watanni, aka gindaya sharuɗɗa a kan rawa da waƙa da sutura, masu sana'a da yawa suka kwashe kayansu suka koma Kaduna da Jos. A cikin wannan ƙunci ne Saira ya yi suna, kuma ya yi shi ne ta hanyar nuna cewa labari mai tsari da hoto mai tsabta suna iya riƙe mai kallo ko da an rage abin da aka saba jan sa da shi. Jamila da Jamilu ya fito da Jamila Nagudu idon duniya. Ga Duhu Ga Haske, wanda Adam A. Zango da Zainab Indomie suka fito a ciki, ya shiga sha'anin imani da bambancin addini, wurin da yawancin masu fim suke kewayewa don tsoron abin da zai biyo baya. Wanda ya ce waɗannan biyu su ne tushe, ya faɗi gaskiya. Sai dai fifikon gabata daban, fifikon kyautatawa daban, kuma malamai ba su taɓa cewa littafin farko na mawallafi dole shi ne mafificinsa ba.

Ɗan Marayan Zaki ba zan daɗe a kansa ba. Ya ɗaga sunan Sadiq Sani Sadiq, kuma masu ambatonsa in ka matsa musu da tambaya, jarumin suke yabo.

Labarina shi ne ke buƙatar dogon zama, domin hujjar masu shi ita ce mafi yawan mabiya, kuma ba hujja ce ta banza ba. Ya fara fita a 2020, shekarar kullen korona, a tashar Arewa24 da kuma YouTube, a daidai lokacin da kasuwar faifai ta riga ta mutu: satar fasaha ta ci rabinta, finafinan Indiya da aka juya zuwa Hausa suka ci sauran, masu shaguna a Ƙofar Wambai da Bata na Kano suka koma wasu sana'o'i, mai kallo a gari irin Dayi ya koma kai wayarsa wurin masu turawa a zuba masa a memori. Dadin Kowa ya riga ya saba wa mutane da jiran mako, Kwana Casa'in ya biyo baya, Izzar So ya taso a wannan shekara. Amma Labarina ne ya tabbatar wa manyan masu sana'a cewa fim mai dogon zango yana iya ɗaukar nauyin kansa, ya kuma ɗauki ingancin da a da sai a babban fim ake nemansa. Labarin Sumayya, 'yar talakawa da masoya suka yi wa yawa, wanda Nafisa Abdullahi ta fito a ciki tare da Nuhu Abdullahi a matsayin Mahmud, ya shiga gidajen da faifai bai taɓa shiga ba. Uwa da 'ya suka zauna kan tabarma ɗaya suna kallo a waya guda, kishiyoyi suka sami abin tattaunawa, har aka ji yaro yana ce wa mahaifinsa, "Baba, don Allah a ara mini wayar, yau ake sakin sabo," mahaifin ya ce, "To, zauna nan mu gani tare." Kafin wannan, da wuya magidanci ya yarda a gan shi yana kallon fim ɗin Hausa da 'ya'yansa.

Kuma a cikinsa akwai abin da ni kaina nake ganin yana cikin mafi kyawun aikin da aka taɓa yi a wannan sana'a, wato Baba Ɗan Audu, dattijon nan mai kwaɗayin abin hannun mutane, wanda Rabi'u Rikadawa ya fito a matsayinsa. Kowane gari yana da irinsa, kowa ya san wani, shi ya sa ake dariya ana kuma jin zafi a lokaci guda. A nan hannun darakta ya bayyana sarai, domin irin wannan mutum in aka sake wa ɗan wasa linzami sai ya zama ɗan barkwanci kawai, in aka matse shi kuma sai ya zama mugu mara daɗin kallo. Tsayar da shi a tsakani, mako bayan mako, aiki ne na wanda yake bayan kyamara yana cewa a ƙara nan, a rage can.

Duk da haka ban sa Labarina a farko ba, kuma dalilaina uku ne masu haɗe da juna. Fim mai dogon zango kuɗinsa yana zuwa ne daga yawan masu kallo da tallan da ake sakawa a ciki, saboda haka maslahar mai shi tana cikin tsawaitawa, alhali maslahar labari sau da yawa tana cikin taƙaitawa. Duk wanda ya bi zangunan a jere ya ga wuraren da magana ta ƙare amma aka ci gaba da jan ta, aka shigo da sababbin mutane don a cike mako. Sa'an nan tsawon lokaci yakan fitar da al'amari daga hannun darakta: labarin ya rabu da Mahmud, Nafisa Abdullahi ta bar shirin a 2022, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya, daga baya ma aka buɗe wani labari daban a ƙarƙashin sunan, na Mainasara, da Sadiq Sani Sadiq da Fatima Hussaini. Wanda ya ce Labarina ya fi, sai a tambaye shi wanne daga ciki, domin sunan ya zama rumfa mai ɗauke da ayyuka da yawa waɗanda darajarsu ba ɗaya ba ce. Na uku, mafi yawan abin da jama'a suke yabo a cikinsa yana da masu shi: zaren labarin farko na marubuci ne, Ibrahim Birniwa, waƙoƙin da suka zauna a bakin mutane na Nazir M. Ahmad ne, ƙanin daraktan. Hawayen kuma na 'yan wasa ne. Adalci ya hana a tattara haƙƙin mutum huɗu a ba mutum ɗaya.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ya kamata a fara da ita tun farko, wato mene ne aikin darakta wanda ba na kowa ba sai shi. Marubuci ya kawo takarda, furodusa ya kawo kuɗi, mai ɗaukar hoto ya kawo kyamara, ɗan wasa ya kawo fuskarsa da muryarsa. Darakta shi ne mai yanke inda za a tsaya a ɗauka, da abin da za a nuna da wanda za a ɓoye, da tsawon shirun da za a yi kafin a amsa magana, da lokacin da za a matso kusa da fuska da lokacin da za a ja baya a nuna taro. Shi ne kaɗai yake riƙe da fim ɗin duka a kansa sa'ad da ake ɗaukarsa gutsure-gutsure, yau ƙarshe, gobe farko. Mutanen ƙasar nan sun fi kowa sanin yadda ake gane irin wannan hannu. Gonar fadama a shekarar da ruwa ya yi daidai kowa yana iya cika rumbu da ita, ba a sanin manomi a nan. Ana saninsa ne a fako, inda ƙasa ba ta taimake shi ba, in aka ga dawa ta yi kai a wurin sai a ce lalle wannan aikin hannu ne. Labarin soyayya mai daɗi da waƙa mai shiga rai da jarumar da ake so fadama ce. A nemi fim ɗin da aka cire wa Saira waɗannan madogarai, a ga abin da ya rage.

Shi ne Ashabul Kahfi. Ƙissar mutanen kogo tana cikin sura ta 18, daga aya ta 9 zuwa ta 26, surar da Musulmi suke karantawa kowace Juma'a, kuma duk wanda ya zauna tafsirin watan azumi ya ji ta da sharhinta: samari ne da suka yi imani a ƙarƙashin sarki mai tilasta wa mutane bautar gumaka, suka gudu da addininsu zuwa kogo tare da karensu, Allah ya sa musu barci shekara ɗari uku da tara, da suka farka suka aiki ɗayansu birni da azurfarsu ya sayo abinci, ta nan asirinsu ya bayyana. Masu tafsiri suna kiran sarkin Daƙyanusu, wanda masu tarihi suke ɗauka shi ne Decius, sarkin Rum daga 249 zuwa 251, birnin kuma Afsus, a ƙasar Turkiyya ta yau. Kiristocin gabas ma suna da ƙissar a littattafansu. Ma'anar wannan ga mai yin fim ita ce an ƙwace masa babban makaminsa tun kafin ya fara, domin ba mai kallon da zai zauna yana tambayar yaya za ta ƙare. Almajiri ɗan shekara goma ya san za su farka. Ba shi da ikon sauya ƙarshe, ba shi da ikon ƙara abin da zai saɓa wa nassi, kuma surar da kanta ta yi hani ga zurfafa jayayya a kan adadinsu, don haka ko a ƙananan abubuwa sai ya yi taka-tsantsan.

Abin da ya rage masa shi ne aikin darakta tsantsa. Dole ya gina birnin da babu shi, ya tufatar da taro da tufafin wani zamani, ya sa Bahaushen da aka saba gani cikin babbar riga ko shadda ya tsaya a fadar sarkin gumaka ba tare da mai kallo ya yi dariya ba. Dole ya sa a ji tsoron da samarin suka ji, alhali an san za su tsira. Mafi wuya duka, dole ya sa a ji wucewar ƙarni uku a jiki, ta yadda sa'ad da saurayin ya shiga kasuwa da tsohon kuɗinsa, mai kallo zai ji baƙuntar da ya ji, ya ga garinsu ne amma ba garinsu ba ne. Wannan ba ya samuwa da magana. Yana samuwa ne da tsarin hoto, da haƙurin barin abu ya ɗauki lokacinsa, da sanin inda za a yi shiru. A nan ne karatun Malam ya yi masa rana, domin wanda ya tashi da ƙissar a allo ya san nauyinta, ya san ba wurin gaggawa ba ne, ya kuma san iyakar da ba a ƙetarewa. Hukuncina ke nan: a mizanin aikin darakta, Ashabul Kahfi ne a gaba, labarin Sumayya a zangunansa na farko yana biye, sa'an nan Ga Duhu Ga Haske.

Akwai suka iri biyu da ake yi wa wannan hukunci, kuma dukansu sun cancanci amsa. Na farko na masu cewa ai Iraniyawa sun riga sun yi ƙissar, kuma nasu ya fi kyau nesa ba kusa ba. Gaskiya ne Farajollah Salahshoor ya yi ta a ƙarshen shekarun 1990, shi ne kuma ya yi ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, a 2008, wadda aka juya zuwa Hausa ta bazu ko'ina. Gaskiya ne kuma gine-ginensu da tufafinsu da yawan jama'arsu sun fi na Kano, domin gidan talabijin na gwamnati ne ya ɗauki nauyinsu, shi kuwa mai fim a Kano kuɗin ɗan kasuwa yake juyawa, wanda yake jiran su dawo daga faifai. Ba na musun cewa ƙarancin kuɗi ya bayyana a wasu wurare na fim ɗin Saira. Amma tambayarmu ba tsakanin Kano da Tehran take ba, tsakanin ayyukan mutum guda take, kuma a cikin ayyukansa babu inda ya ɗauki kaya mai nauyi kamar nan ya kai shi gida.

Suka na biyu ya fi nauyi, na malaman da ba su natsu da a kwaikwayi bayin Allah na gari a wasa ba. Wannan saɓani tsoho ne. Mustapha Akkad, mutumin Halab ta ƙasar Sham, da ya yi Ar-Risala a 1976, bai nuna Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ba, bai kuma sa an ji muryarsa ba, duk da haka an hana nuna fim ɗin a wasu ƙasashen Musulmi. Su ma masu ƙaunar Akkad a ƙasar Hausa suna da irin gardamarmu, tsakanin Ar-Risala da fim ɗinsa na Umar Mukhtar, shehin Libiya da Italiyawa suka rataye a 1931, kuma da yawa sukan fifita na biyun saboda babu wannan shubuha a cikinsa. Mutanen kogo ba annabawa ba ne, salihai ne, wannan ya sauƙaƙa al'amarin ƙwarai, ko da yake bai kawar da shi duka ba. Wanda ya bar kallon fim ɗin don tsantseni, ina girmama shi, ba ni da abin da zan ce masa. Amma hukuncin halacci na malaman fiƙihu ne, hukuncin gwaninta kuwa na masu kallo ne, kuma wanda ya yarda ya kalla ba shi da hujjar rage wa aikin daraja saboda shakkar da wani ya yi.

Akwai wani abu da yake damuna fiye da duk wannan, shi ne mafi yawan masu gardamar nan daga tunani suke magana, ba daga kallo ba. Labarina yana cikin kowace waya, ana iya komawa gare shi yau da dare. Finafinan 2009 da 2010 kuwa faya-fayansu sun karce, na'urorin kunna su sun lalace an jefar, abin da ake samu a intanet sau da yawa kwafi ne na kwafi, hoto ya dushe, murya ta shaƙe, wani lokaci an yanke farkon inda sunayen ma'aikata suke. Ta yaya za a yi irin aikin al-Amidi, a ajiye fitowa kusa da fitowa, alhali ɗaya tana nan garau ɗaya kuma ta zama hazo? Vertigo bai hau inda ya hau ba sai da aka adana shi, aka gyara kwafinsa, aka mayar da shi gaban mutane. Mu ma muna da misali a gida. Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗauka ya ɓata, sai aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi tare da wata cibiya ta Berlin a Jamus, aka nuna shi can a 2018. Wancan a kan zaren fim na asali aka ɗauke shi, wanda yake jure shekaru in an kula da shi. Finafinan Kano na zamanin faifai kuwa asalinsu yana cikin rumbun kwamfuta a ofisoshin kamfanoni, abin da zafi da ƙura da ɗaukewar wuta suke iya hallakawa a dare ɗaya. Hukumar Finafinai ta Nijeriya tana da ma'ajiyar finafinai a Jos, kuma a Janairun 2024 aka naɗa Ali Nuhu shugabanta, mutumin da ya san waɗannan ayyuka ciki da waje. Abin da nake roƙo ga kamfanin Saira Movies da sauran masu haƙƙin waɗannan finafinai shi ne su fito da kwafin asali, su ajiye ɗaya a Jos, su saki ɗaya ga jama'a da cikakkun sunayen marubuci da mai ɗaukar hoto da mai tacewa, tun waɗanda suka yi aikin suna raye ana iya tambayarsu.